'Ya'yan Kifi a Fadamun Gulbin Zamfara: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malamansu na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, cikin masarautar Gwandu, su karanta, su kuma karanta wa dagatai da sarakunan ruwa. Maganar da ke cikinsa ta wani abu ce wanda ba a cika kawo ƙararsa zaure ba, watau 'ya'yan kifi, tun suna kamar gashin ido har su kai tsawon ɗan yatsa. Masunci ya kan zo gaban hakimi ya ce bana gulbi ya yi rowa. Galibi kuwa tun bara abin ya ɓaci, cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, a wurin da ba wanda ya kula.

Inda a ke renonsu

Masana sha'anin kifi na ƙasashen bakin teku sun daɗe da lura cewa kifayen teku da yawa ba a tsakiyar teku su ke yin ƙuruciyarsu ba. Wurin renonsu shi ne inda kogi ya faɗa teku, ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, ga laka, ga itatuwa tsaye cikin ruwa, ga rashin zurfi. A ƙasar nan misalin da aka fi sani shi ne bonga, wadda fatake ke kawo bandarta arewa. Ƙanananta su kan cika rassan Kwara na bakin teku da tafkunan Ikko, sai sun yi ƙwari su fita.

Ƙasar Kabi ba ta da teku, amma tana da abin da ke yin wannan aiki, shi ne fadama. Gulbin Zamfara, wanda a nan a kan ce da shi Gulbin Gindi, ya taso daga gabas, ya biyo ta ƙasar Anka da Gummi, ya wuce ta Jega, ya gangara ta gefen ƙasar Maiyama, ya haɗu da Gulbin Kabi wajejen Bunza. Daga can ruwan ya tarar da Gulbin Ka, sa'an nan ya faɗa Kwara. Kifi na bin wannan hanya hawa da gangara, bai san iyakar gunduma ba. Ƙasar Aliero galibinta tudu ce, amma ruwan da ya sauka a kanta kwari ya ke nema, saboda haka duk abin da aka zuba a gonar albasa yana da hanyar da zai bi ya iske kifi.

Tsakanin gulbi da fadama akwai mashigai, watau 'yan kwaruruka da ruwa ke bi ya shiga tafkuna in gulbi ya kawo, ya kuma bi ya koma in gulbi ya janye. Wani mashigin faɗinsa bai fi tsallaken yaro ba. Ta nan ne iyayen kifi ke shiga, ta nan 'ya'yansu ke fita. Duk wanda zai riƙe abu guda daga wannan jawabi, to, ya riƙe sunan mashigi.

Kwana uku na farko

Da ruwan sama ya kankama cikin watan Yuni da Yuli, gulbi ya yi ja da ƙasa, sai manyan kifayen da suka yi rani cikin gurabe masu zurfi su fara hawa, suna fuskantar ruwa. Kawara da shamani su kan watsa ƙwansu cikin ciyawar da ruwa ya rufe, dubbai a lokaci guda, su yi gaba abinsu ba su waiwaya. Tarwaɗa ta fi son dare bayan ruwa mai ƙarfi, ta shiga inda ruwa bai fi taƙi ba, ƙwanta ya manne wa ciyawa, cikin yini guda ko yini da rabi ya ƙyanƙyashe. Bargi ya kan share ciyawa ya yi sheƙa mai faɗin kamar yadi guda, ya tsaya gadi, in 'ya'yan sun fito su riƙa yawo a dunƙule yana biye da su. Yauni tasa sheƙar bisa ruwa ta ke iyo. Akwai kuma irin karfasar da uwar ke riƙe ƙwai cikin bakinta har ya ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka ga abin tsoro su ruga su koma ciki.

Ɗan kifi sabon ƙyanƙyasa bai yi kama da kifi ba. Siriri ne, ana hangen ruwa ta cikinsa, ba ɓawo a jikinsa, bakinsa ma bai gama buɗewa ba. A ƙarƙashin cikinsa akwai 'yar jakar gwaiduwa, ita ce guzurinsa. Ta ɗan tarwaɗa kamar kwana uku ta ke yi ta ƙare. Ran da ta ƙare tilas ya sami abin da zai shiga bakinsa nan kusa, gama ba shi da ƙarfin tafiya nema. In ya samu ya rayu, in bai samu ba shi ke nan.

Wani masani mutumin Norwe mai suna Johan Hjort shi ne ya fara jawo hankalin duniya ga wannan, a shekarar 1914. Ya bincika wani ƙaramin kifin teku da mutanen ƙasarsu ke kamawa, yana ƙidaya shekarun kowane ɗaya daga zanen da ke jikin ɓawonsa. Sai ya tarar waɗanda aka ƙyanƙyashe a shekarar 1904 su ne suka riƙe masunta shekaru da yawa a jere, haihuwar sauran shekarun ba ta taka kara ta karya ba. Ya ce bisa ga ganinsa yawan kifin kowace shekara tun cikin kwanakin farko a ke yanke shi, sa'ad da gwaiduwa ta ƙare. Masanan da suka biyo bayansa sun ƙara waɗansu dalilai, kamar yawan masu cin 'ya'yan da inda ruwa ya kwashe su ya kai, amma ba su rushe tushen maganarsa ba.

To, mene ne abincin? Sa'ad da ruwa ya hau busasshiyar fadama, ya kan tarar da kashin shanu da karan dawa da tattakar shinkafa da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Waɗannan su jiƙa, rana ta buga, ruwan ya yi ɗumi, ya ɗauki kore. Cikin 'yan kwanaki sai ya cika da waɗansu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya rarrabe su sai da madubin likita. Waɗansunsu ƙwansu ya yi rani cikin ƙura yana jiran ruwa. Su ne nonon ɗan kifi. Bafillacen da ya yi rani da shanunsa a fadama ya yi wa masunci taki, ko da ya ke su biyun ba safai su kan san da wannan ba ran da suka zo shari'a a kan mashaya.

Daga nan za a gane abin da ya sa ba kowace cikowa ce ke da albarka ba. In gulbi ya kawo da wuri, kifi ya zuba ƙwai, sa'an nan aka yi fari na kwana goma sha, ruwa ya janye, ƙwan ya bushe a kan ciyawa. In kuwa ya kawo da ƙarfi lokaci guda ya wuce, ya kan share 'ya'yan ya zuba su tsakiyar gulbi inda babu abinci sai masu cinsu. Cikowar da kifi ke so ita ce mai hawa sannu, ta bazu, ta daɗe.

Kowa da unguwarsa

Wanda ya ɗauki ƙwarya ya zaga fadama cikin watan Agusta zai ga 'ya'yan kifi ba a warwatse su ke ba, kowane iri da inda ya ke zama. Mafi ƙanƙanta suna can gefe, inda ruwa bai rufe idon sawu ba, domin nan ya fi ɗumi, nan abinci ya fi yawa, babban kifi kuma ba ya iya shigowa. In suka ɗan tasa sai su matsa cikin burugu da shinkafar ruwa, inda akwai maɓoya da tsutsotsi, har da tsutsar sauro. Can cikin lungunan da ruwa ba ya motsi, inda ciyawa ke ruɓa, iskar da ke narke cikin ruwa ta kan yi ƙaranci, musamman da asuba. Nan sai masu iya ɗago kai su shaƙi iskar sama ke zama, irin su tarwaɗa da gaiwa da tufi da gartsa da bargi. Kawara da shamani da 'ya'yan tsage ba su jure wannan, sun fi son bakin mashigi da gefen gulbi inda ruwa ke gudana.

Amfanin sanin wannan ga hakimi shi ne kada a ce an keɓe tafki guda mai zurfi, saboda haka an gama kiyaye kifi. Tafki mai zurfi gidan iyaye ne da rani. Gidan 'ya'ya shi ne wannan shimfiɗaɗɗen ruwa marar zurfi, wanda kowa ke gani kamar ɓataccen fili.

Girman kifin gulbi kusan dukansa cikin watannin cikowa ya ke yinsa. Da ruwa ya janye, abinci ya ragu, ɗari ya sauka, sai girma ya tsaya, har ya bar zane a jikin ɓawo kamar zoben da ke cikin kututturen itace. A shekarar 1971 wani masani mai suna Giorgio Pannella ya nuna cewa cikin kan kifi akwai wani ɗan dutse na kunne wanda ke ƙara zobe guda kowace rana. Da wannan masana ke iya ɗaukar ɗan kifin da bai kai tsawon farce ba, su faɗi kwanakinsa, su faɗi kuma makon da ya ƙoshi da makon da ya ji yunwa. Abin da irin wannan bincike ya tabbatar a wurare da yawa shi ne, wanda ya yi saurin girma shi ya fi tsira, gama kowane inci da ya ƙara ya rage yawan bakunan da za su iya haɗiye shi. Mako biyu da aka ƙara wa ɗan kifi a fadama ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

A ƙasar Mali, inda Kwara ke bazuwa wajejen Mopti, wani Bafaranshe mai suna Jacques Daget ya yi shekaru yana nazarin wani ɗan'uwan kawara da a ke kira tineni. Wannan ɗan kifi ya kan tara kitse a fadama har masuntan Bozo su tatsi mai daga jikinsa, in ruwa ya fara janyewa kuma ya fito garke garke, tafiyarsa na bin hasken wata. Da wannan kitse ya ke cin rani. Nan gida kuma, cikin shekarun 1950, wani jami'in kifi mai suna M. J. Holden ya auna kifin da ke saura cikin tafkunan rani na Gulbin Kabi, aka buga rahotonsa a 1963. Ya tarar tafkunan da ƙasansu zallan taɓo ne sun fi ƙarancin kifi, waɗanda yashi ya gauraya da taɓo sun fi yawa. In za a zaɓi tafkin da za a keɓe, wannan abin tunawa ne.

Me ya sa a ke damuwa da kawara?

Wani zai ce, kifin da a ke aunawa da mudu, me zai sa hakimi ya ɓata lokacinsa a kansa? Amsa ita ce giwan ruwa da tsage da ragon ruwa ba ciyawa su ke ci ba. Ƙananan kifaye su ne hatsinsu. Kawara na cin ƙwari da 'ya'yan ciyawa da ƙananan halittun nan, ta mai da su nama, manya su ci ta, masunci ya kama manya ya kai kasuwar Jega. In aka share ƙananan, manyan su kan rame, su ragu, ko su bar wurin.

Ban da wannan, ƙaramin kifi shi ne naman talaka. Ana shanya shi, a daka, a zuba a miya, a ci har da kai da ƙaya, a nan kuwa abin da ke gina ƙashin yaro da jinin mai ciki ya ke. Ba wanda ya ce a hana kama kawara. Ita mai saurin haihuwa ce, in an bar ta ta shekara za ta mayar da abin da aka ɗiba. Matsalar ita ce, a watan Satumba da Oktoba ɗan giwan ruwa da ɗan faliya da ɗan karfasa duk tsawonsu ɗaya da kawara, tare su ke tafiya. Ragar da ba ta da ido ba ta tambayar sunan kowa. Mudun da aka sayar a matsayin kawara, in aka baje shi a tabarma aka tsince, sau da yawa a kan tarar da 'ya'yan manyan kifaye a ciki, waɗanda da an bar su da kowane ɗaya ya fi mudun duka kuɗi.

Robin Welcomme, wanda ya yi wa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya aiki, ya tara lissafin kogunan Afirka masu fadama. Ya nuna a kan sami kamar kilo 40 zuwa 60 na kifi a shekara daga kowace hekta da ruwa ya rufe, kuma kamun kowace shekara yana bin girman cikowar shekarar da ta gabata ko biyu. Tsofaffin Sarkawa sun san wannan tun ba a rubuta ba. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, mutane suka rasa gidaje, abin ba ya faɗuwa. Amma ga kifi irin wannan shekara ta yalwa ce. Ba maganar da za a yi gaban manomin da ya yi hasara ba ce, sai dai hakimi ya san da ita, domin manomi da masunci duk talakawansa ne, sau da yawa ma mutum guda ne.

Abubuwan da ke kashe su

Na farko, kuma mafi muni, shi ne toshe mashigi da raga mai ƙanƙanen ido sa'ad da ruwa ke komawa. Tare mashigi da shinge da gura tsohuwar sana'a ce, amma saƙar kara da ta kaba tana da kafofin da ƙanana ke sulalewa. Gidan sauro ba shi da su. Tun daga 2009 aka shiga raba gidajen sauro masu magani kyauta ko'ina cikin Nijeriya domin yaƙi da zazzaɓi, waɗansu mutane kuwa suka ɗinke su suka mai da su taru. Hasarar biyu ce: yaro ya kwana sauro na cizonsa, renon wata uku na fadama guda kuma ya ƙare a kan tabarmar shanya cikin kwana uku. Maganin da ke jikin gidan sauron shi kansa guba ne ga kifi.

Sai kuma ganuwar gona. Tun da aka buɗe shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, noman fadama ya bunƙasa ƙwarai, jihar ta yi suna, mutane da yawa suka sami abin hannu. Wannan alheri ne. Sai dai manomin da ya ɗaga ƙasa domin ya kare gonarsa, in ganuwar ta ratsa mashigi, ya raba tafki da gulbi ke nan. Haka mai cike kwari domin ya yi hanyar mota ba tare da ya sa kwalbati ba. Tafkin zai cika da ruwan sama ya yi kyaun gani, amma in aka jefa birgi sai kwaɗi. Injin ban-ruwa kuma in aka jefa bakin tiyonsa cikin tafki tsirara, ya kan zuƙe 'ya'yan kifi ya watsa su cikin kunya. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa bakin tiyon cikin kwando, a lulluɓe kwandon da tsohon gidan sauron da aka wanke, wanda ya riga ya gama aikinsa a ɗaki. A nan ne ya ke da amfani a bakin ruwa.

Game da guba, da can masu ɓarna magimfa su ke dakawa su zuba, ƙarfinta kan wuce cikin ɗan lokaci. Daga baya aka koma gamalin, maganin ƙwarin da a ke fesa wa koko a kudu. Shi ba ya barin babba ba ya barin ƙarami, yana daɗewa cikin laka, yana kuma cutar da wanda ya ci kifin. A shekarar 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin magungunan da aka amince a daina. Amma ko manomin kirki na iya yin irin wannan ɓarna bai nufa ba, in ya gama feshin albasa ko shinkafa ya wanke tulun feshinsa cikin tafki. Ya kamata dagatan Aliero da na sauran wuraren lambu su riƙa tuna wa mutane su ɗebi ruwa su yi wankin a tudu, nesa da kwari.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin hakimi, watau manyan madatsai. An gama na Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, na Goronyo a kan Rima ya biyo baya cikin shekarun 1980. Wani masani Bature, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya rubuta yadda cikowa ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya faɗi. Gulbin Zamfara bai bi ta ko ɗaya daga cikin madatsan nan biyu ba, wannan kuwa ya ƙara wa fadamunsa daraja, domin kifin da ya taso daga ƙasa yana neman wurin haihuwa nan zai sami cikowa mai bin damina.

Abin da aka gani a Kainji da Argungu

Bayan an datse Kwara a Kainji a 1968, tafkin ya cika da waɗansu 'yan mitsitsin kifaye farare da a ke kira warangi, wani irinsu ko ya tsufa bai fi inci guda da ɗan kai ba. Masunta suka shiga jan su da wani babban taru mai idon gidan sauro da a ke kira dala. Warangi halal ne, kasuwarsa kuma na ci a Yawuri. Amma dala daga gaɓa a ke jan ta, gaɓa kuwa ita ce gidan renon karfasa da faliya da giwan ruwa. Masu bincike na cibiyar kifi ta New Bussa, tare da wani shirin haɗin gwiwa da Jamus da aka fara a 1993, suka nuna yawan 'ya'yan manyan kifaye da ke mutuwa cikinta. A ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin kifi, aka hana dala a tafkin. Abin lura ga masu sarauta shi ne, hanin ya yi tasiri ne a lokacin da sarakuna da hakimai da sarakunan ruwa suka sa hannu, aka zauna da masunta aka yi musu bayani. Takardar doka ita kaɗai ba ta taɓa tsayawa gadi a bakin ruwa da dare ba.

Argungu kuwa maƙwabta ne, ba sai an yi dogon bayani ba. Bikin da aka fara a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, wanda kuma UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ginshiƙinsa guda ne: an hana su a Matan Fada sai ran da aka ba da izini. Kusan kowane gari na bakin gulbi yana da irin wannan al'ada, tafkin da ba a taɓawa sai Sarkin Ruwa ya sa ranar su. Inda ta mutu a tashe ta, inda ta ke da rai a ƙara mata abu guda, watau a haɗa mashigin tafkin cikin hanin, ba cikin tafkin kaɗai ba.

Iyakar ikon hakimi

Dokar Kifin Ruwan Daɗi ta tarayya, lamba 108 ta 1992, ta hana kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Ta kuma hana raga wadda idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci uku, sai irin wadda aka keɓe domin warangi a tsakiyar ruwa. Ta ba Kwamishinan jiha ikon rufe wani wuri ko wani lokaci. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 hakimi ba shi da ikon da ya ke da shi zamanin En'e, saboda haka kada ya ƙwace kayan mutum da kansa ko ya yanka masa tara. Abin da ke hannunsa shi ne kira da sulhu da shaida. In gargaɗi bai yi ba, ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da jami'in kifi na jiha, ya aika wa fadar Gwandu kwafi.

Lokacin da ya fi dacewa a yi zama shi ne bazara, tun ruwa bai sauka ba, tun ba wanda ya kashe kuɗinsa a kan ganuwa ko raga. A tara Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo, a fita da ƙafa a bi mashigai ɗaya ɗaya. A yarda a kan waɗanda ba za a toshe ba sam, da waɗanda za a tare rabi a bar rabi. In ganuwar gona ta zama tilas, a bar mata ƙofa. Kada kuma a manta masu gidan sauro galibi mata ne da yara da marasa jirgi, waɗanda ba su da kuɗin kalli. In aka hana su ba a ba su rabo ranar su ba, za su koma da dare, hakimi kuma ya sami sunan mai danne marar ƙarfi.

Aikin malamin hakimi shi ne ya buɗe littafi guda domin ruwa kaɗai. A shafin farko ya jera sunayen tafkuna da mashigai na gundumar, da ƙauyen da ke kula da kowane. A kafa sanda mai zanen ƙafa ƙafa a wurin da ba ya canzawa, kamar gindin gadar Jega ko wata tsohuwar giginya a bakin fadama. Kowace shekara ya rubuta rana uku: ran da ruwan gulbi ya fara shiga mashigi, ran da ya kai iyakar hawansa da ƙafa nawa, da ran da mashigin ya yanke. Sau ɗaya a wata, daga Satumba zuwa Disamba, ya sayi mudu guda na ƙananan kifi a kasuwa, ya kira wani dattijon masunci su baje shi, su ware kawara gefe, 'ya'yan manyan kifaye gefe, ya rubuta adadin kowane kashi da kuɗin mudun da sunan ruwan da aka kamo su. In an sauya malami, a miƙa littafin ga wanda ya gaje shi gaban hakimi, a sa hannu a shafin da aka tsaya.